Maganin Wanke Injekta da Motocin A-kori-kura a Kudancin Jigawa

Maganin wanke injekta wani ruwa ne da ake sayarwa a 'yar kwalba, mafi yawanci ba ta kai rabin lita ba. Ana juye shi a tankin mota, ya gauraya da fetur ko gas, ya bi duk hanyar da mai yake bi har ya isa nozul, wato bakin injekta, inda ake son ya narkar da dattin da ya daskare. Yana ɗaya daga cikin sinadaran da ake ƙara wa mai, waɗanda a yau ake gani jere a kantar gidajen mai da shagunan kayan gyara, tun daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa bakin titin Birnin Kudu. Masu a-kori-kura suna cikin waɗanda suka fi tambayarsa, domin motar ita ce jarinsu, kuma ranar da ta kwana a gareji ranar ce cefane yake tsayawa.

A Yalwan Damai da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a-kori-kura ce ke fitar da abin da aka noma. Da kaka tana ɗaukar buhunan gero da dawa da gyaɗa da riɗi zuwa Birnin Kudu, ko ta bi ta Babaldu ta nufi kasuwar Sara a ƙasar Gwaram. Kafin faɗuwar damina ita ce mai kai taki, ranar kasuwa kuma ita ce motar fasinja da awaki. Yawancin tafiyar a kan burji ake yin ta, cikin yashi da ƙura, da lodin da ya wuce abin da kamfani ya ƙayyade, injin yana gurnani a giya ta ɗaya ko ta biyu. Wannan shi ne yanayin da ya kamata a auna amfanin kowace kwalba da shi, domin galibin kwalaben an haɗa su ne don motocin da ke gudu a kan kwalta suna shan man da aka tace da kyau.

Shekarun baya maganar ba ta taso ba. Fijo 404 da 504, waɗanda kamfanin haɗa motoci na Kaduna ya cika Arewa da su bayan ya fara aiki a 1975, da kabureta suke aiki. Idan ta toshe, makanike ya kwance ta a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya hura jet da baki, ya mayar, mota ta tashi. Motocin da suka gaje su, irin su Toyota Hilux da Mitsubishi L200, sababbin cikinsu duk injekta ne da su, kuma kwamfutar mota ce ke ƙayyade yawan man da za a fesa da lokacin fesa shi.

Aikin injekta shi ne ta mai da ruwan mai ya zama feshi mai laushi kamar hazo, domin ya haɗu da iska ya ƙone sarai. A injin fetur irin na Hilux mai lita 2.7, famfon da ke cikin tanki yana turo mai da ƙarfin da bai wuce awo 3 zuwa 4 ba a ma'aunin bar, wato ɗan sama da iskar da ke cikin taya. A injin gas na zamani, wanda Toyota ke kira D-4D, ƙarfin yakan kai awo 1,600 zuwa 2,000, wani lokaci ma ya wuce. Kamfanin Denso na Japan ne ya fara sa wannan tsari a manyan motoci a 1995, Bosch na Jamus ya kawo shi ƙananan motoci a 1997. Ƙofofin da man ke fita ta cikinsu ƙanana ne ƙwarai, faɗin kowace bai fi kaurin silin gashi biyu ba, allurar da ke buɗe su kuwa tana motsi sau dubbai a minti ɗaya. Abin da ya kai wannan ƙanƙanta, ɗan datti kaɗan ya isa ya ɓata masa aiki.

Dattin da ake magana a kansa daga man kansa yake fitowa. Idan aka kashe mota bayan doguwar tafiya, zafin injin ba ya sauka nan take. Ɗigon man da ya rage a bakin nozul sai ya soye, mai sauƙin cikinsa ya tashi, mai nauyin ya zauna kamar ƙaro. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya zama baƙin ɓawo mai tauri. Motar da ake yawan kunnawa ana kashewa, kamar wadda ke tsayawa a kowane ƙauye tana ɗaukar buhu biyu ko uku, ta fi saurin tara shi. Daga nan feshin ya karkace, ko ya koma tsartuwa. Direba zai ji motar tana rawa idan tana tsaye a kunne, tana jinkirin amsa totur, tana nauyi a hawa, tana shan mai fiye da yadda ta saba. Idan ta gas ce, baƙin hayaƙi ya yawaita a salansa.

A kan irin wannan datti, magani mai kyau yana aiki, kuma babu dalilin musun haka. Sinadarin da aka fi yarda da shi a injin fetur shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PEA, wanda kamfanin Chevron na Amurka ya fito da shi a farkon shekarun 1980 da sunan Techron. Yana kama jikin ɓawon, ya ɓantare shi a hankali, ya tafi da shi ya ƙone tare da mai, kuma zafin cikin silinda ba ya kashe shi da wuri. Akwai wani mai rahusa da ake kira PIBA, wanda ƙarfinsa ya fi tsayawa a kan nozul da bawul. A Amurka doka ta tilasta zuba irin waɗannan sinadarai a cikin duk fetur ɗin da ake sayarwa tun 1995. A 2004 kamfanonin BMW da General Motors da Honda da Toyota suka ga abin da dokar ta tanada bai wadatar ba, suka kafa nasu ma'aunin mai suna Top Tier. Gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2016 ya nuna cewa bayan tafiyar mil 4,000, man da ba shi da wannan ƙari ya bar datti a inji ninki 19 na wanda yake da shi. Wannan ne ya sa wasu kamfanonin ƙera motoci ke rubutawa a littafin mota cewa a ƙasashen da ba a tabbatar da ingancin mai ba, a riƙa zuba maganin lokaci-lokaci.

Sai dai ƙaro ba shi kaɗai ne ke shiga nozul ba, kuma a kudancin Jigawa ba shi ne babban abokin gaba ba. Ƙura da ruwa sun fi shi ɓarna, kuma babu kwalbar da ke narkar da yashi.

Ana ganin haka a fili idan makanike ya buɗe murfin gaban Hilux ta gas, ya tara gorar ruwa marar komai a ƙarƙashin filtar mai, ya kwance ɗan makunnin da ke gindinta, ya danna famfon hannu da ke samanta. Abin da zai fara zubowa ba gas ba ne. Ruwa ne mai launin shayi, da ɓurɓushin tsatsa a ciki. Idan aka ajiye gorar a kan dakali na ɗan lokaci, za a ga ruwan ya kwanta a ƙasa, gas ya hau kansa, wani baƙin kumfa mai yauƙi ya raba tsakaninsu. Wannan yauƙin ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da gas, su ne kuma ke toshe filta. Motar tana da fitila a gaban direba da ke kamawa idan ruwan ya taru, amma sau da yawa ana tafiya da ita a kunne har mako ya zagayo. Idan ruwan ya tsallake filta ya shiga famfon da ke aiki da ƙarfin awo 1,600, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, domin gas ɗin shi ne man da ke sa kayan ciki santsi. Nozul ɗin da yashi ya goge ko tsatsa ta ci ya riga ya lalace. Ko katan guda aka juye masa ba zai dawo ba.

Ta ina ƙurar da ruwan suke shiga? Wani daga tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, musamman da damina, ko lokacin da tanka ta gama juye mai ta tayar da laka. Wani daga jarka da galan da mazurarin 'yan bumburutu, waɗanda ke zaune a bakin hanya iska tana kaɗa musu ƙasa, kuma direban da mai ya yanke masa a ƙauye ba shi da zaɓin da ya wuce su. Wani daga murfin tankin da ya ɓace aka toshe bakin da leda da tsumma. Akwai kuma raɓar da ke taruwa a cikin tankin da kullum yake kusan wayam.

Wannan na ƙarshe ya ƙaru tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Tankin Hilux yana cin kusan lita 80, kuma ba kowane direba ne ke iya cika shi ba. Ana sayen na zuwa, idan an sauke kaya an karɓi kuɗi a sayi na dawowa. Babu mai ganin laifinsa, amma motar tana biyan kuɗin ta wata hanya. Famfon fetur a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, idan kullum allura tana kan ja yakan yi zafi ya mutu da wuri. Tsadar ce kuma ta buɗe kasuwar kwalaben da ke alkawarin rage shan mai, ta kuma ƙara wa masu algus kwaɗayi.

Ingancin man kansa tsohuwar magana ce a Najeriya. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai marar kyau musamman don Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda gas ya ɗauki farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai iyakar kashi 10 ce. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko da ita zuwa 50. A Fabrairun 2022 hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da metanol fiye da ƙima daga Beljiyam. Motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai na tsawon makonni. Matatar Dangote da ke Legas ta fara fitar da gas da fetur a 2024, abin da ya rage dogaro da na waje, amma tsakanin Legas da tankin motar da ke Yalwan Damai akwai tanka da defo da gidan mai da jarka, kuma a kowane mataki man zai iya gurɓata.

Sauran kwalaben da ke kan kanta kowace da aikinta, kuma rikita su yana da tsada. Akwai mai ƙara wa fetur oktan, wato juriyar da ke hana shi kamawa kafin fulogi ya ba da wuta. Injin da ba ya yin ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani ba ya ƙaruwa da komai idan aka zuba masa. Wasu daga cikinsu ma da sinadarin ƙarfe ake haɗa su, suna barin jan ƙasa-ƙasa a kan fulogi, suna kashe na'urar da ke auna hayaƙi, suna toshe matacin salansa da makanikai ke kira indomi. Tarihi ya riga ya nuna haɗarin ƙarfe a cikin mai: dalmar da aka fara gwadawa a fetur a Amurka a 1921 ta yi wa injin amfani, ta kuma shiga jinin yara a duniya baki ɗaya, ba a rabu da ita ba sai a 2021, lokacin da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da irin wannan fetur.

A ɓangaren gas akwai mai sa shi saurin kamawa, wanda kan rage ƙara da hayaƙin safe idan man mai rauni ne. Akwai mai ƙara santsi, kuma wannan yana da muhimmanci yanzu fiye da da, domin tacewar da ke cire farar wuta tana rage santsin gas. Ƙasar Suwidin ta ga famfunan motoci suna lalacewa a farkon shekarun 1990 kafin a gane a riƙa ƙara sinadarin tun daga matata. Akwai mai kashe ƙwayoyin da ke yauƙi a tanki, wanda ke da amfani ga motar da ta daɗe a ajiye. Mai hana gas daskarewa kuwa na ƙasashen ƙanƙara ne, sanyin hunturun Jigawa bai kai a buƙace shi ba. Wanda ya fi buƙatar hattara shi ne mai shanye ruwa. Ana yin sa da sinadari dangin barasa, yana haɗa ɗan ruwa da fetur su ƙone tare. A injin gas kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin yana ɗaukar ruwan ya tsallakar da shi filtar da aka sa don ta tare shi, ya kai shi har cikin nozul.

Game da masu alkawarin rage shan mai da kashi kaza, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori da dabaru fiye da 100 da aka ce suna yin haka, ba ta samu wanda ya yi tasirin a zo a gani ba. Abin da maganin wanke injekta ke iya yi shi ne ya mayar da mota inda take kafin ta yi datti. Motar da nozul ɗinta ke da tsabta ba za ta rage shan mai ba don an zuba mata shi.

Sannan akwai dabarun gareji da ake gada baki da baki. Wasu na zuba kananzir a gas wai yana wanke hanya, alhali kananzir ba shi da santsin gas, yana barin famfo yana gogar kansa. A fetur kuma yana rage oktan. Wasu na zuba baƙin mai ko man giya a tanki. Tsofaffin injinan gas masu famfon gargajiya sukan jure wannan na wani lokaci, shi ya sa dabarar ta samu karɓuwa, amma waɗannan mayuka suna barin toka idan sun ƙone, kuma tokar a bakin nozul take zama. Wasu har ƙwayar kafur suke jefawa, wadda idan ba ta narke duka ba sai ta tsaya a rariyar famfo.

Idan za a yi amfani da maganin, akwai tsarin da ya dace a bi. Da farko a tabbatar da cewa ciwon na datti ne, domin fulogin da ya mutu, da kwayil mai rauni, da filtar iskar da ƙura ta cika, da famfon da ya gaji, duk alamominsu ɗaya ne da na nozul mai datti. A hanyoyin Birnin Kudu da Gwaram filtar iska ce ya kamata a fara dubawa, sai filtar mai. Idan waɗannan lafiya suke, a duba kwalbar a ga ta fetur ce ko ta gas, a karanta yawan litar da aka yi ta dominsu. A juye ta a gidan mai kafin a sa mai, domin man da ke shiga ya gauraya ta, a kuma sayi adadin da aka rubuta. Juye kwalbar da aka yi wa lita 60 a kan lita 10 ba ya ƙara wanki, yana iya taɓa robobin hanyar mai, ya kuma tsinka baƙin mai. Ya fi kyau a yi hakan ranar doguwar tafiya, kamar zuwa Kano ko Dutse, inda injin zai yi zafi ya daɗe yana gudu, kuma a daidaita shi da gab da juyen baƙin mai. Masu yin maganin da kansu kusan kilomita 5,000 suke cewa a bari tsakanin kwalba da kwalba, don haka zubawa a kowane shan mai asarar kuɗi ce. A tsohuwar motar da tankinta ya daɗe ba a wanke ba, maganin kan tayar da dattin da ke kwance, saboda haka a sa ran canza filta bayansa.

Idan tanki ɗaya ko biyu suka ƙare motar ba ta canza ba, magana ta koma hannun makanike. Nozul ɗin fetur ana cire su a jera a na'ura mai kwalaben gilashi, a kunna, kowanne ya yi feshi a nasa. Nan take ido zai ga wanda ke ba da hazo, da wanda ke tsartuwa, da wanda kwalbarsa ta kasa cika daidai da sauran, da wanda ke ɗiga bayan an rufe shi. Ana wanke su a wani kwano mai girgiza ruwa, a canza musu 'yar rariya da roba, a sake gwadawa. Na gas na zamani kuwa aikin masu benci ne na musamman, kuma yawanci sai an dangana da Kano. Bai halatta a sa waya ko allura a ƙofarsu ba, kuma kada kowa ya kai hannu kusa da bututun da ke yoyo injin yana kunne, domin man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata. A injina da yawa, idan an sa sabon nozul sai an shigar da lambarsa a kwamfutar mota kafin ya yi aiki daidai. Nozul mai ɗiga kuwa ba a jinkiri da shi, domin yana iya huda fistin, aikin dubbai ya koma na miliyoyi.

Jabu ma ya shiga wannan kasuwa, kamar yadda ya shiga ta baƙin mai da ta filta. Kwalbar da ba a liƙe bakinta ba, ko wadda ba ta da lambar haɗi da adireshin kamfani, ko wadda arharta ta yi yawa, tana iya zama kananzir ne da aka sa wa launi. Direban ƙauye ba shi da ɗakin gwaji, hanci da ido kawai yake da su. Sa ido a kan kwalaben aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ne, man da ke cikin tankunan gidajen mai kuma na NMDPRA ne. Ya kamata jami'an hukumomin biyu su riƙa fita daga Dutse suna ɗibar samfuri a Birnin Kudu da Babaldu da Gwaram da Sara, musamman da damina, su kuma sanar da ƙungiyoyin direbobi abin da suka gano a kowane gidan mai.